Kibiyar da ke Tafiya da Kanta

Litinin da hantsi

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya aiki? Yaya tarin da ƙaramin yake yi, ya sake shi? Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai alhamdu lillahi. Ƙugun nan yana yadda kika bar shi, ba gaba ba baya. Ina dogara sanda daga gado zuwa kicin, daga kicin zuwa taga.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba ga kwamfuta a gabansa ya koma biro da takarda. Ki daure ki karanta. Abin da zan faɗa miki ba na son in faɗe shi a gaban na'urar.

Kin tuna sharaɗin da muka yi bayan na faɗi a banɗaki, ke da yayanki kuna tsaye a kaina a asibiti. Shi ya ce in tattara in koma gidansa, ɗakin baƙin nan na kusa da gareji. Ni na ce a ɗakunan nan na zauna da mahaifiyarku har Allah ya karɓi abarsa, a nan kuma nake son nawa lokacin ya same ni. Ke kika raba gardama, kika ce in zauna muddin akwai mai riƙe da mabuɗina yana leƙo ni kowace safiya. Maƙwabcina na ƙasa ya karɓi aikin, tsohon ma'aikacin kamfanin wayar nan da yaranki suka sa wa Mai Tsuntsu saboda hoton tsuntsu mai tumbi da ya liƙa a ƙofarsa. Zamana a gidan nan a hannunsa yake, ban manta ba.

Yakan hawo da safe ya dafa mana shayi, ya zauna a kujerar mahaifiyarki ba tare da an ce ya zauna ba, ya buɗe wa'azi. Wa'azinsa ɗaya ne kullum. Wai kwamfuta gangar jiki ce kawai, manhajar da ke tafiyar da ita ce rai, kuma rayukan iri uku ne, masu amfani da su ma iri uku.

Mu masu Windos, ni da yayanki, wai mutanen layi ne. Duk inda muka ga an ja layi sai mu bi, ba ma tambayar me ake rabawa. In na'ura ta ce mu jira, mu naɗe hannu. In ta tambaye mu ko mun yarda, mu danna mun yarda ba mu karanta ba. Na ce masa ni a maɗaba'a na ƙare ƙuruciyata ina duba kurakuran mutane, ban taɓa sa hannu a abin da ban karanta ba. Ya ce to in gaya masa abin da ke cikin dogon rubutun da na danna wa yarda a gabansa. Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

Ku masu Mak, mai hoton tuffar da aka gatsa, bai ƙyale ku ba. Wai ku madubi kuke saye, ba kwamfuta ba. In kun shiga wurin shan shayi sai kun zaɓi teburin da kowa zai ga bayan murfin. An ba ku ɗaki mai kyau an share, an hana ku matsar da ko kujera ɗaya, kuna ta godiya. Na ce 'yata zanen gine-gine take yi da tata. Ya ce ai bai ce duka ba, amma murmushin da ya yi na duka ne.

Nasu kuwa, Linuks, su ne 'yantattu a faɗarsa. Ba a sayar da shi, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Na taɓa kai wa yayanki wannan zance a waya. Ya ce masu Linuks kashi biyu ne, marowatan da ba sa son sayen komai da masu kutse cikin na'urorin mutane, kuma duk wanda na ga yana rubutu a baƙin allo in yi hattara da shi. A lokacin dariya na yi.

Kwanakin baya kwamfutata ta yi nauyi. Mai Tsuntsu ya ja kujera ya zauna gabanta, ya buɗe wani baƙin shafi, yatsunsa na gudu, fararen haruffa na zubowa. Na tambaye shi me yake yi, ya ce shara. Tun daga nan na fara lura da abubuwa. Rubutun allo ya ƙara girma, ban taɓa komai ba. Muryar rediyon da nake saurare a ciki ta ƙara ƙarfi. Na ce ƙila sharar ce.

Shekaranjiya bayan ya sauka na shiga wanka kamar yadda na saba, sai na tuna na bar tawul a kan kujera, na dawo. Auta, 'yar kibiyar nan ta kan allo tana tafiya. Linzamin da ake tura ta da shi yana ajiye a kan tebur, ba wanda ya taɓa shi. Ta je ta buɗe wurin da ke nuna shafukan da na duba, ta ɗan tsaya kamar mai karatu, ta rufe, ta yi shiru. Na tsaya riƙe da ƙofa ina kallo.

Ni ba mai tsoron aljanu ba ne. Hannun mutum ne, kuma mutum ɗaya na sani da ke rubutu a baƙin allo. Yau da ya miƙo mini kofi na dubi yatsunsa. Ban ce masa komai ba tukuna, don in na rasa shi na rasa gidan. Ki ba ni shawara, kuma kada yayanki ya ji.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yaran.

Mahaifinki

Laraba da yamma

'Yata Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Na ji daɗi da kika ce tarin ƙaramin ya tafi. Jikina da sauƙi, sai rashin cin abinci, wannan kuwa na tsufa ne.

Na gode da kiran da kika yi bayan takardata ta iso. Amma ban gamsu ba. Kin ce ƙila linzamin ne ya lalace, in bar zancen, sai kika ce ana jiran ki a wurin aiki. Linzamin da ya lalace ba ya zaɓar abin da zai karanta. Na ɗauka gajiya ce ta sa kika yi saurin sallama, na yi miki uzuri.

Ga abin da ya biyo baya. Wata safiya na tashi da jiri, na zauna bakin gado har ya wuce. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a yi da labarin. Na dai rubuta wa kwamfuta tambaya, me ke kawo wa tsoho jiri da safe, na karanta abin da ta kawo, na rufe. Washegari da yamma yayanki ya kira, ko gaisuwa bai gama ba ya ce yaya jirin. Na ce wane jiri. Ya ce shi dai ya ji. Na ce a bakin wa. Ya ce ba wannan ne muhimmi ba.

Na ajiye abubuwan kusa da juna na duba. Kibiya ce kaɗai ta ga tambayata. Abin da kibiya ta gani ya isa kunnen yayanki. Na kuma tuna ranar da ya zo na ƙarshe, na hango su ta taga shi da Mai Tsuntsu a bakin mota suna magana ƙasa-ƙasa, har da musayar lambar waya. Shi yayanki da ya ce mini in yi hattara da masu baƙin allo. Sai na ga ashe ba sata ake yi mini ba, shaida ake tarawa, ta ranar da za a ce Baba ba zai iya zama shi kaɗai ba.

A nan na yi wauta. Raina ya ɓaci, na gaya wa yayanki zancen kibiyar da bakina, ni da na ce kada ki faɗa. Na zaci zai rikice. Sai ya fara yi mini magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, irin yadda ake yi wa yaron da ya farka daga mafarki. Ya tambaye ni ko kibiyar tana yi mini magana. Ya tambaye ni yau wace rana ce.

Da safe Mai Tsuntsu ya hawo. Na bar shi ya zuba shayi, sa'annan na ce ya ba ni mabuɗina. Ya ɗauka wasa ne, ya ce ko na sami wani mai dafa shayin da ya fi shi. Na gaya masa abin da na gani da abin da nake zato, ban rage komai ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce in ba shi wuri ya zauna, yanzu zai nuna mini ta inda ake shigowa da wanda ya buɗe ƙofar. Na ce wanda ake tuhuma ba shi ke yin bincike ba, kuma hannunsa ba zai sake taɓa na'urata ba. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, Malam, a duk masu Windos da ya sani ni ne na farko da ya ƙi danna na yarda, kuma na zaɓi ranar da bai kamata ba. Ya ciro mabuɗin daga zoben mabuɗansa, ya ajiye a kan faranti, ya wanke kofunan duka biyu, ya sauka. Wanke kofunan nan ya tsaya mini a rai. Na ce wa kaina masu wayo haka suke yi.

Kafin azahar yayanki ya sani. Mai Tsuntsu ne ya kira shi, wai amana ce aka ba shi, tilas ya faɗa in ta bar hannunsa. Kin ga dai lambar wayar ta yi amfani.

Yanzu yayanki ya ce sharaɗi ya karye, kuma ya karɓar mini ranar ganin likitar ƙwaƙwalwa. In an gama da likita, Asabar ɗin da ke biye zai zo da mota. Na ce masa Auta ba za ta yarda ba. Ya ce ya yi magana da ke, ba ki ce komai ba. Ban yarda da shi ba, ki gaya mini da kanki.

Kwamfutar ban kashe ta ba. Ke kika ce kada in riƙa kashewa don kiranku ya riƙa shigowa, kuma ta nan nake ganin fuskar jikokina. Na dai liƙa filasta a kan idonta na ɗaukar hoto. Safiya ta yi tsawo yanzu. Ina jin rediyonsa ta ƙasan daɓe, ina jin lokacin da butarsa ke tafasa. Shayin da nake dafawa da kaina bai kai nasa ba, amma aƙalla na san abin da ke ciki.

Allah ya yi miki albarka. Ina jiran amsarki.

Mahaifinki

Alhamis bayan la'asar

Auta,

Ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki. Wannan takarda ba za ta bi ta gidan waya ba. Da yatsa biyu nake buga ta a kan kwamfuta, zan bar ta a buɗe a kan allo, gobe da safe in shiga wanka. Na san za ta same ki.

Bari in gaya miki yadda na sani, don kada ki ce zato ne, na gaji da zato.

Bayan na karɓe mabuɗi kibiyar ba ta daina zuwa ba. Sai na riƙa sakin famfo a banɗaki in dawo in zauna bakin gado ina kallo. A maɗaba'a, in aka kawo mini shafi, nakan gane wanda ya jera haruffansa ba tare da an faɗa mini ba, don kowa da kuskuren da hannunsa ya saba. Kibiyar nan ma tana da nata. Duk sanda za ta rufe shafi sai ta fara nufar kusurwar sama ta hagu. Ta tarar ba komai, ta ɗan tsaya, sa'annan ta ƙetare zuwa dama inda alamar rufewa take. Kullum haka. Na ga abin, ban san ma'anarsa ba.

Jiya yayanki ya kai ni wurin likita. Mace ce mai fara'a, ta kira ni Baba, ta ba ni kujera mai taushi. Ta faɗa mini wasu kalmomi ta ce in riƙe, za ta tambaye ni an jima. Ta sa na zana agogo. Tana yi tana rubutawa a kwamfutarta, siririya, mai tuffa a murfi. Teburin a karkace yake, ina ganin allon. Ta gama da wani shafi, sai na ga kibiyarta ta tafi kusurwar sama ta hagu, ta danna wani jan ɗigo, shafin ya rufe.

Na ce likita, ke ta hagu kike rufewa? Ta yi dariya ta ce duk masu irin wannan na'ura ta hagu suke rufewa. Ta ce in ta zauna gaban kwamfutocin ofishin asibiti, hannunta sai ya fara zuwa hagu kafin ta tuna, har ma'aikatan suna yi mata tsiya. Daga nan ta ce to Baba, kalmomin nan fa. Auta, ko ɗaya ban tuna ba. Kaina yana wani wuri. Ta rubuta abin da ta rubuta, yayanki ya dubi ƙasa.

A mota na riƙa lissafa mutanena. Yayanki tun yana makaranta Windos yake taɓawa, hannunsa dama yake zuwa. Mai Tsuntsu ya zauna gaban na'urata a idona, ya rufe shafuka da yawa, ban ga hannunsa ya yi tuntuɓe ba. Mutum ɗaya ne a duniya da ke da tuffa a murfi kuma ya damu da ko na tashi da jiri. Sai na tuna zuwanki bayan an sallamo ni, yammar da kika daɗe a kujerar nan kina cewa kina gyara mini wurin kira.

Ke kika ƙara girman rubutun, don kin ga ina matse ido. Ke kika ƙara murya. Wannan na gane shi. Kina nesa, kin taɓa samun kira cewa an tsinci mahaifinki a ƙasan banɗaki, ba kya son ki sake samun irinsa. Da kin tambaye ni da na ƙi, kin san haka, shi ya sa ba ki tambaya ba.

Leƙen bai yi mini ciwo kamar shirun ba. Na rubuto miki ina tsoro, kika ce linzami ne. Na rubuto miki na kori mutumin da ke hawo mini bene da ciwon gwiwarsa, kina da gaskiyar a hannu, kika bar ni na ci mutuncinsa. Yayanki ya tambaye ni ko kibiya tana yi mini magana, ya zo ya gaya miki, ba ki ce komai ba. Na ƙaryata shi a kan haka, ashe gaskiya ya faɗa. Na san kunya ce ta riƙe ki, kowace rana kuma tana ƙara nauyi. Amma da hankalina ake biyan kunyar taki.

Zan iya sauka in roƙi Mai Tsuntsu ya zo ya tono abin ya nuna wa yayanki. Ba zan kai asirin 'yata gaban maƙwabci ba. Zan iya gaya wa yayanki da kaina, amma ki duba yadda zai ji shi: tsohon da ya zargi maƙwabci jiya, yau ya koma kan 'yarsa. Sai ya ƙara gudun mota.

Jibi Asabar zai zo da hantsi. In kin yi magana, ni tsoho ne mai hankali da aka yi wa leƙe. In kin yi shiru, ni ne wanda ke ganin kibiya tana yawo, kuma zan shiga motar ba gardama, don ba ni da sauran abin faɗa. Ba zan tona ki ba ko can ɗin.

Na cire filastar daga idon na'urar. In kina son ki ga fuskata kafin ki yanke shawara, ga ta nan.

Mahaifinki, mai ƙaunarki duk da haka

Talata da safe

'Yata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da jikokina. Ina lafiya, sai gwiwoyi da ke ba ni labarin benen da na sauka. Na dawo ga biro. Kin kira sau da yawa ban ɗauka ba. Ba gaba nake yi da ke ba, so nake in faɗi nawa a rubuce tukuna, don in na ji kina kuka zan ce ba komai, alhali da komai.

Ba ki ga abin da ya faru a ɗakin ba sai ta ɗan idon nan, bari in cika miki.

Ran Juma'a na ga kin zo. Kibiyar ta sauka a kan takardar a hankali har ƙasa, ta koma sama, ta sake sauka. Sa'annan ta tsaya cik. Na jira kira har dare, bai zo ba. Na fitar da jakata na sa magunguna da hoton mahaifiyarki.

Asabar yayanki ya iso da kwalaye a naɗe da abin liƙe su. Ya gaishe ni da ladabi, ya fara da littattafai. Ni ina zaune gaban kwamfuta da sandata a tsakanin gwiwoyi. Ya ce Baba ka bar kallon abin nan haka. Ya cika kwali ɗaya, ya kama na biyu, ya kai ga shiryayyen da ƙamus ɗina suke. A raina na riga na sallama. Sai kibiyar ta motsa.

Na ce masa, zo ka ga haukata. Ya zo yana share hannu a wando. Yana tsaye kika gangara ƙasan takardata kika rubuta abin da kika rubuta: Yaya, ni ce, ni na sa, ni ke shiga, Baba lafiyarsa ƙalau. Kin san abin da yayanki ya yi? Ya ɗaga linzamin ya juya shi ya duba cikinsa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Na ce masa yau wace rana ce. Bai yi dariya ba, ni na yi.

Ya ja kujera ya karanta takardar tun daga sama. Da ya gama ya fita baranda da waya, sauran ke kika ji su, ni muryarsa kawai nake ji tana hawa tana sauka. Ya dawo idonsa ja, ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Amma yayanki yayanki ne. Yana miƙewa ya ce duk da haka sharaɗi sharaɗi ne, babu mai riƙe da mabuɗi. Ya ce bari ya sauka ya yi wa maƙwabcin magana. Na ce ba shi ya ɓata ba.

Na sauka da kaina, hannu ɗaya a ƙarfen bene, ɗaya a sanda, yayanki na biye da ni kamar mai jiran tulu ya faɗo. Mai Tsuntsu ya buɗe ƙofa ya bar ni a tsaye har sai da ya ga ƙafata na rawa, sa'annan ya kwashe wayoyi daga kan wata kujera. Ɗakinsa cike yake da tsofaffin kwamfutocin da mutane suka zubar, ya tashe su, kowace da baƙin allonta. Na ce masa na zalunce shi, na zo neman gafara. Ban faɗi sunanki ba. Na ce wani ne daga cikin iyali, da kyakkyawar niyya. Ya tambaye ni yadda na gane, na gaya masa zancen hagu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe 'yan madubi ne, shi ya sa aka yi kutsen a gaban mai gida da rana tsaka. Ya ce, Malam, da irinmu ne, da har ka mutu ba ka ga kibiya ta motsa ba.

Wannan magana ba ta kwantar mini da hankali ba, kuma na gaya masa. Ya ce to in riƙe mabuɗina. Na ce a'a, ya karɓa. Ya ce sai in na yarda ya sa mini Linuks. Na ce ya kawo sharuɗɗan a rubuce in karanta tukuna. A nan muka tsaya, mabuɗin dai ya koma zobensa.

Jiya ya hawo da safe. Bayan shayi na ce ya rufe ƙofar da kike shigowa. Wannan karon na sa ya yi a hankali, yana faɗa mini sunan kowane abu kafin ya taɓa. Ya nuna mini ita, wata 'yar alama a ƙasan allo da na sha gani ina zaton ta agogo ce. Ya tambaye ni ko na tabbata, don mai shigowar ba da mugunta take shigowa ba. Na lura ya ce take, ni kuwa ban ce masa mace ce ba. Na ce ya rufe.

Saboda haka ina nan a gidana. Littattafan sun koma shiryayye, ko da yake yayanki ya jera su yadda ya ga dama. Likita ta ce a maimaita gwajin, zan je, kuma zan zauna inda ba na ganin allonta. Kwalayen kuwa ya bar su a naɗe a bayan ƙofar kicin, wai motarsa ba wuri. Na leƙa ta taga da zai tafi. Ba komai a motar.

Na yafe miki, Auta, har cikin raina. Amma daga yau in kina son ki san ko na tashi lafiya, ki kira ki yi sallama, in amsa miki da bakina. In na ce lafiya lau alhali da jiri, wannan haƙƙina ne, na tsufa da shi. In kin kira ban ɗauka ba, ki kira na ƙasa ya hawo.

Gobe da hantsi zan ɗauka. Ki sa yaran kusa.

Mahaifinki